CT Mai Allura, MRI ko Sikanin: Wanne Ya Dace da Mai Raunin Ƙoda?

Da wuya mako ya wuce ba a yi wannan muhawara a bakin ƙofar ɗakin hoton da nake aiki ba. Dattijo yana zaune a keken marasa lafiya, takardar likita a hannun babban ɗansa, an rubuta a yi masa CT na ciki da allura. Sai in miƙa takardar amincewa, in tambaya ko Baba yana da ciwon suga ko matsalar ƙoda. Nan take fuskoki su canja. Autan ya ce shi dai ya ji wannan ruwan ne ya kai wani maƙwabcinsu ga wankin ƙoda. Babban ya ce, "To ai likita ne ya rubuta, kai ka fi shi sani ne?" 'Yar da ta zo daga gidan mijinta ta sa baki: "Yaya, me zai hana a yi MRI, tunda an ce shi ba ya da illa? Ko kuma a sake sikanin ɗin, ya fi sauƙin kuɗi." Baba kuwa bai ce uffan ba, sai jan carbinsa yake yi.

Duk su ukun kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya. Ruwan da muke durawa a jijiya, wanda mu ma'aikata muke kira kwantiras, majinyata kuma su ce allurar hoto, yana iya taɓa ƙoda. Amma wa yake taɓawa, kuma me za a rasa idan aka guje shi, a nan ake samun saɓani. Na ga wanda aka yi wa allurar ba gwaji ba shiri, ya kwanta. Na kuma ga waɗanda tsoro ya sa suka biya kuɗin hoto har sau uku ba su sami amsa ba, ƙarin da ake nema yana ta girma, kuma waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ruwan ke yi idan ya isa ƙoda

Ruwan da ake amfani da shi a CT na ɗauke da sinadarin aidin, wanda ke tare hasken eksire, shi ya sa jijiyoyi da gaɓoɓin ciki suke fitowa fari tas a hoto. Babban mutum akan dura masa tsakanin mililita 75 zuwa 150 cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba ko kusa da haka. Zai ji ɗumi ya gauraye jikinsa, ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya rantse ya saki fitsari a wando alhali bai yi ba. Ina gaya wa kowa wannan tun kafin in danna na'ura, musamman iyayenmu mata, don kada kunya ta sa su zabura hoton ya lalace. Duk wannan ba illa ba ce, yana wucewa cikin minti biyu.

Kusan duk ruwan ta ƙoda yake fita daga jiki. Mai lafiyayyar ƙoda yana zubar da rabinsa cikin kamar awa 2, kusan dukansa kafin kwana ɗaya. Kowace ƙoda tana da matatai ƙanana kimanin miliyan ɗaya, kowace matata da siririn bututu a bayanta. Suna tace ruwa kusan lita 180 a rana, bututun su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ya rage, kamar lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Wannan aikin mayarwa yana cin iskar oksijin sosai, kuma abin mamaki, sashen da ya fi wahalar aikin, can cikin tsakiyar ƙoda, shi ne mafi ƙarancin samun jini. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san halin mai gonar da ke wutsiyar kwata: ko ranar da ruwa ya wadata, da ƙyar yake isa gare shi, ranar da aka rage ƙofar dam kuwa shukarsa ce ta fara yaushi. Kwantiras yana sa ƙananan jijiyoyin ƙoda su tsuke na wani lokaci, wato an rage ƙofa ke nan, sai ƙwayoyin halittar da ke wutsiyar su shiga yunwar iska.

Ɓarna ta biyu kai tsaye take. Yayin da bututun ke tsotse ruwa, kwantiras ɗin da ya rage a ciki sai ƙara kauri yake yi, kamar kunun da aka bari a wuta, ya riƙa tafiya a hankali, ya daɗe yana gugar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bututun. Su kuma su haɗiye wani abu daga cikinsa, su kumbura da 'yan ƙurajen ruwa a cikinsu, 'yan injinan da ke ba su ƙarfi su raunana, gurɓatattun sinadaran oksijin su taru su riƙa cin bangonsu. Wasu su farfaɗo, wasu su mutu su ɓamɓare su toshe bututun. Rahamar da ke ciki ita ce, waɗannan ƙwayoyin suna sake tsirowa. Shi ya sa a mafi yawan waɗanda abin ya taɓa, kiriyatinin na jini, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda ake aunawa don sanin lafiyarta, yakan fara hawa cikin kwana 1 zuwa 2, ya kai ƙololuwa a kwana na 3 zuwa na 5, ya dawo daidai cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sau da yawa ma fitsari ba ya raguwa, saboda haka "ai yana fitsari sosai" ba hujja ba ce. Gwajin jini ne kawai ke nunawa.

Tun 1954 likitoci a Denmak suka ba da rahoton wani mai sankarar ɓargo da fitsarinsa ya ɗauke bayan an yi masa irin wannan allura. Amma ruwan wancan zamanin ba irin na yau ba ne. Tsohon samfuri, irin su Urografin, ƙarfin jan ruwansa ya ninka na jini sau biyar zuwa sama, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan yankakken tumatir. Na yanzu, irin su Omnipaque da Ultravist, bai wuce ninki biyu zuwa uku ba, Visipaque kuwa daidai yake da jini, sai dai ya fi kauri. Kaso mai yawa na tsoron da ake yi a yau gadonsa aka yi daga tsohon ruwan. A 2013 da 2014 masu bincike a asibitin Mayo Clinic na Amurka suka kwatanta dubban waɗanda aka yi wa CT da allura da waɗanda aka yi wa ba allura, suka tarar ƙodar ɓangarorin biyu tana samun matsala kusan daidai wa daida. Dalili kuwa a bayyane yake: wanda aka kawo hoto ai dama ba shi da lafiya, ga zazzaɓi, ga amai, ga jini ya sauka, ga magunguna. Da yawa daga cikin laifin da aka ɗora wa allura, na cutar ne.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuma mafi nauyi shi ne lambar ƙoda, wadda ake rubutawa eGFR, mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda: in ta yi ƙasa, ƙodar ta yi rauni. Daga kiriyatinin da shekaru da jinsi ake lissafa ta. Kada a tsaya ga kiriyatinin shi kaɗai: 110 a ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajinmu na Najeriya ke amfani da shi, a jikin saurayi ɗan shekara 30 yana nufin eGFR kusan 80, a jikin tsohuwa 'yar shekara 70 kuwa bai kai 50 ba. A 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar suka fitar da matsaya ta haɗin gwiwa kan allurar da ake yi ta jijiyar hannu. Wanda lambarsa ta kai 45 zuwa sama, haɗarin da ruwan kansa ke jawowa kusan babu. Daga 30 zuwa 44, tsakanin babu da kashi 2 cikin 100. Ƙasa da 30 ne abin ke iya kaiwa kashi 17, tare da wanda ƙodarsa ke cikin sabon rauni a daidai lokacin. Kuɗin wannan gwaji ɗan ƙalilan ne in aka kwatanta da kuɗin hoton, kuma yana fitowa a rana ɗaya. Duk inda za a yi wa mai ciwon suga, ko mai daɗaɗɗen hawan jini, ko mai kumburin ƙafa allurar hoto ba a nemi wannan takarda ba, kuma ba halin gaggawa ba ne, a ɗauki takalmi a nemi wani wurin. Mutanen da suka fito daga yankunan da ciwon ƙoda ya yi ƙamari, irin su Gashuwa a jihar Yobe, ina ba su shawarar gwajin ko da suna jin garau.

Na biyu, tambayar da likita ke son a amsa masa. Tsakuwa yake nema ko ƙari? Jini ne ya zuba a kai ko jijiya ce ta toshe a huhu? Kowace tambaya da hoton da ke iya amsa ta.

Sai kuɗi, da sauƙin samu, da abin da nake kira ƙarkon amsa: shin hoton zai tsaya a matsayin hujjar da za a yi aiki ko a fara magani a kanta, ko kuwa bayan mako biyu za a ce a sake wani? A ƙarshe akwai sauran haɗurran da ba na ƙoda ba, waɗanda tsoron ƙoda kan sa a manta da su.

Sikanin

Shi ne mafi araha, kusan kowane babban gari akwai shi, ba hasken eksire, ba allura, mai ciki ma ana yi mata. Ƙoda ba ta san an yi ba. Wajen gano tsakuwar matsarmama, ƙarin mahaifa, kumburin ƙoda saboda toshewar mafitsara, ko auna girman ƙodar kanta (ta babban mutum takan kai santimita 9 zuwa 12, ta mai daɗaɗɗen ciwo kuwa takan ƙanƙance), ba a buƙatar wuce shi. Rauninsa shi ne ba ya ratsa ƙashi ko iska, mai teɓa da mai kumburin ciki suna ba shi wahala, kuma ingancinsa ya dogara kacokan ga hannu da idon mai yi. Takarda mai layi uku da aka rubuta cikin minti biyar a wani shago ba ɗaya take da wadda ƙwararre ya zauna ya duba ba, ko da sunansu ɗaya.

Akwai wani nau'i da ake haɗa shi da allurar 'yan ƙananan kumfar iska, irin su SonoVue, wadda ba ta wuce mililita biyu da ɗoriya ba, kuma ta huhu take fita cikin 'yan mintoci, ba ruwanta da ƙoda. Yana da kyau ƙwarai wajen tantance ƙari guda a hanta ko a ƙoda. Matsalar dai samunsa a yankinmu sai an tona.

CT ba allura

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin iyalai kan ɗauke shi a matsayin sulhu: an yi CT ɗin da likita ya ce, an kuma tsira daga allura. Wani lokaci daidai ne. Tsakuwar ƙoda, jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa bayan hatsari ko shanyewar ɓarin jiki, karaya, da yawancin cututtukan naman huhu, duk ba sa bukatar allura, hasali ma a neman tsakuwa allurar kan rufe abin da ake nema. Amma idan ƙari ake nema a hanta, ko ana son sanin iya inda sankara ta bazu, ko ruɓa a cikin ciki, ko gudan jini a jijiyar huhu, CT mara allura toka-toka kawai zai nuna, hanta da ƙarin da ke cikinta launinsu guda. Sai mai karanta hoton ya rubuta cewa ba a iya tantancewa ba, a sake da allura. An biya sau biyu, an sha hasken eksire sau biyu, an ɓata mako uku. Araha ba ta ado.

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Wata Hajiya mai ciwon suga, 'ya'yanta suka nace ba allura, ni kuma ban koma ga likitan da ya rubuta ba, na bi su don a zauna lafiya. Bayan wata ɗaya suka dawo da ita ta rame, aka yi gwaji, lambar ƙodarta 58. Tun ranar farko ba abin da zai hana a yi mata.

CT da allura

Shi ne dokin aiki. Kwanciya a kan na'urar ba ta wuce minti 10 zuwa 15, ɗaukar hoton kanta daƙiƙoƙi ne, don haka ko mai numfashi sama-sama yana iya jurewa. Ya fi mara allura tsada, domin ana biyan ruwan da kanula, wani lokaci ma a aika 'yan uwa su sayo. Idan haka ta faru, a duba sunan da ke jikin kwalba da ranar ƙarewar wa'adinsa, a kuma tambaya ko sabon samfuri ne. Tsohon samfurin ya fi araha, amma bai dace a dura shi a jijiyar mai raunin ƙoda ba. Ko ta fuskar borin jini ma akwai tazara: wani babban bincike a Japan da aka wallafa a 1990, kan mutum fiye da 337,000, ya sami mummunan bori a kashi 0.22 cikin 100 da tsohon ruwa, kashi 0.04 da sabo. Duk da haka wanda ya taɓa yin bori da allurar hoto, ko mai asma, ya faɗa tun kafin a sa kanula. Hasken eksiren CT na ciki guda ɗaya kuwa ya kai kwatankwacin wanda jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara 3, abin lura ga yara da masu ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kullum shi ne halin da ƙodar ke ciki kafin ruwan ya iso. Mutum ya taso daga ƙauye tun asuba a watan Afrilu, an ce masa kada ya ci komai, shi kuma ya fahimci har da ruwa, tun daren jiya bai kurɓi ko ɗigo ba. Ya yi kwana huɗu yana gudawa. A aljihunsa akwai haɗin maganin gajiya na kemis, da diclofenac ko ibuprofen ko Feldene a ciki, waɗanda su ma tsuke jijiyar ƙoda suke yi. A gida an yi masa allurar gentamicin, wadda ita ma ke taɓa ƙoda, ga kuma jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san me ke ciki. Irin wannan ƙodar ce ɗan abu kaɗan ke kayarwa. Duk waɗannan kuwa ana iya gyara su kyauta. A tambayi ma'aikata ƙarara ko an yarda a sha ruwa, domin galibi abinci kawai ake hanawa. A ajiye waɗancan magungunan ciwon jiki kwana ɗaya zuwa biyu kafin hoto da bayansa. Idan azumi ne, ko dai a nemi a ɗage hoton in ba na gaggawa ba ne, ko a yi amfani da rangwamen da aka yi wa mara lafiya. Mai ciwon zuciya da mai tsananin ciwon ƙoda ne ba a sake wa linzamin shan ruwa, sai yadda likitansu ya ƙayyade.

Ga wanda lambarsa ke ƙasa da 30 kuma hoton ya zama dole, ana sa masa ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, a fara kamar awa ɗaya kafin hoton, a ci gaba na wasu awoyi bayansa, a rage yawan kwantiras gwargwadon iko, a kuma sake gwajin jini bayan awa 48 zuwa 72. Na sama da haka galibi ba sa bukatar kwanciya. Wani gwaji a birnin Maastricht na Holan, wanda aka wallafa a 2017, ya raba mutum 660 masu lamba 30 zuwa 59 gida biyu, aka yi wa wasu ƙarin ruwa aka bar wasu: waɗanda ƙodarsu ta taɓu kashi 2.7 ne cikin 100 a gida na farko, kashi 2.6 a na biyu, wato babu bambanci. Wani kuma da aka wallafa a 2018, kan mutum fiye da 5,000, ya nuna ƙwayar acetylcysteine da ruwan bicarbonate da aka daɗe ana rubutawa don kare ƙoda ba su ƙara komai a kan ruwan gishiri. Kuɗin da za a kashe musu gara a biya gwajin jini na biyu da shi. Masu shan maganin suga na metformin kuma su sani, maganin ba ya cin ƙoda, amma yana taruwa a jini idan ta tsaya, shi ya sa likita kan ce mai raunin ƙoda ya dakatar da shi na awa 48.

Hoton jijiyoyin zuciya, wanda ake zura siririn bututu ta hannu ko cinya a fesa ruwan cikin babbar jijiya, lissafinsa daban ne: ruwan kan fi yawa, majinyatan sun fi rauni, haɗarin ƙoda ya fi na CT. Ruwan da ake ba mutum ya sha ta baki kuwa, da wanda ake sa wa mata ta mahaifa don duba hanyar ƙwai, ba su cikin wannan magana, domin abin da ke shiga jini daga cikinsu bai taka kara ya karya ba.

MRI

Shi ne mafi tsada, sai a manyan birane ake samunsa, layi kan yi tsawo, na'ura kan tsaya. Mutum zai kwanta cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa na minti 30 zuwa awa ɗaya ba motsi, abin da tsoho mai tari ko mai ruɗewa ba zai iya ba. Maganaɗisu ne, ba hasken eksire, amma dole a faɗa idan akwai na'urar bugun zuciya, ko ɓurɓushin ƙarfe a ido kamar yadda masu walda kan samu, ko harsashi a jiki. A kuma tambayi ƙarfin na'urar, domin hoton ciki daga mai tesla 0.3 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisun ke nan) ba ya kama ƙafar na mai 1.5, alhali kuɗin ba lallai ya bambanta sosai ba.

Babbar falalarsa ga mai ciwon ƙoda ita ce, yana amsa tambayoyi da yawa ba tare da allura ba: laka da ƙashin baya, gwiwa, sabon shanyewar ɓarin jiki, hanyoyin ɗacin hanta, har da jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Idan kuwa sai da allura, tasa ta wani sinadari ce da ake kira gadoliniyam, mililita 10 zuwa 20 kawai, kuma a wannan adadi da wuya ta taɓa ƙwayoyin ƙoda. Tata matsalar ta wata fuska ce. Gadoliniyam guba ne idan yana sake, don haka ake ɗaure shi cikin wani sinadari. Mai lafiyayyar ƙoda zai fitar da shi a ɗaure. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa yakan riƙe shi kwanaki, har ɗaurin ya kwance. Daga 1997 aka fara ganin masu wankin ƙoda a Amurka da fatarsu ke yin tauri kamar ƙirgi, gaɓoɓi su ƙage, wasu har ya taɓa musu zuciya da huhu. Sai a 2006 wani likita a Austiriya, Thomas Grobner, ya danganta abin da allurar MRI. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta haramta samfura uku, Omniscan da Magnevist da OptiMARK, ga masu lamba ƙasa da 30, Turai kuma ta dakatar da su daga shiga jijiya a 2017. Samfuran da ɗaurinsu ya fi ƙarfi, irin su Dotarem da Gadovist da ProHance, labarinsu daban: wani nazari na 2020 ya tattara mutum 4,931 masu tsananin ciwon ƙoda da aka yi wa allurar rukunin da ake ɗauka mai aminci, ba a sami ko ɗaya da cutar ta kama ba. Tsofaffin samfuran ba su ɓace daga kasuwannin duniya ba, saboda haka tambayar da 'yar Baba ya kamata ta yi a ɗakin MRI ita ce: "Malam, wace kwalba za ku sa masa?" Mai ciki kuma ana kauce mata wannan allura sai in ba makawa.

| Hoto | Kuɗi | Samu | Haɗari ga ƙoda | Wani haɗarin | Ƙarkon amsa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sikanin | Mafi araha | Ko'ina | Babu | Kuskuren mai yi | Mai kyau ga matsarmama, mahaifa, toshewar fitsari |
| CT ba allura | Matsakaici | Manyan garuruwa | Babu | Hasken eksire | Mai kyau ga tsakuwa, jini a kai, karaya; rarrauna ga ƙari |
| CT da allura | Ya fi na sama | Manyan garuruwa | Kaɗan; na gaske idan lamba ta gaza 30 | Hasken eksire, borin jini | Mai ƙarfi ga ƙari, ruɓa, jijiyoyi |
| MRI ba allura | Mai tsada | Manyan birane | Babu | Ƙarfe a jiki, doguwar kwanciya | Mai ƙarfi ga laka, gaɓoɓi, ƙwaƙwalwa |
| MRI da allura | Mafi tsada | Manyan birane | Kaɗan ƙwarai | Taurin fata da tsohon samfuri | Mai ƙarfi ga ƙarin ƙwaƙwalwa, hanta, ƙugu |

Ban sa naira a teburin ba da gangan, domin farashi yana canjawa tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi, yana kuma bin dala. Amma jerin ba ya canjawa. Don a san abin da ake gudu, a 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kuma mai wanki na dindindin sau biyu ko uku yake bukata a mako. Tsoron autan Baba yana da tushe. Sai dai waɗanda CT mai allura ke kaiwa ga wanki 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma kusan dukansu ƙodarsu dama tana bakin gaɓa.

Wa ya dace da wanne

Wanda lambarsa ta kai 45 zuwa sama, ko yana da ciwon suga, ko ƙoda ɗaya gare shi, ya yi hoton da likita ya rubuta, ya sha ruwa, ya ajiye haɗin kemis. Sauya shi da MRI don tsoron ƙoda ƙarin kuɗi ne kawai, wani lokaci ma MRI ɗin bai kai CT iya amsa tambayar ba, musamman a huhu da hanji.

Daga 30 zuwa 44, allurar CT tana yiwuwa, amma a nan ne nake so a koma ga likita a tambaye shi ko ya ga lambar kafin ya rubuta. Idan akwai ciwon zuciya, ko gudawa da amai a makon, ko an yi wata allurar hoto cikin kwana biyun da suka wuce, a jinkirta a gyara waɗannan tukuna in ciwon zai bari.

Ƙasa da 30, ko ƙodar da ke cikin sabon rauni, a fara da sikanin a hannun ƙwararre. Idan tsakuwa ko jini a kai ake nema, CT ba allura ya wadatar. Idan laka ce ko ƙwaƙwalwa ko hanyar ɗaci, MRI ba allura. Idan ƙari ne kuma sai an haska shi, MRI da sabon samfurin gadoliniyam ya fi sauƙi ga ƙoda, matuƙar aljihu da jiki za su ɗauka. In ba haka ba, CT da allura tare da ƙarin ruwa da gwaji bayan kwana 2 zuwa 3, da sanin likitan ƙoda.

Mai wankin ƙoda da ya riga ya daina fitsari, allurar CT ba ta da sauran abin da za ta ɓata, ba kuma sai an ruga da shi wanki a ranar ba. Wanda har yanzu yake ɗan fitsari ana tattalin wannan ragowar, a bi da shi kamar mai lamba ƙasa da 30. Idan MRI da allura ne, sabon samfuri kawai, a kuma daidaita ranar ta zo gab da wankinsa na gaba.

Sai gaggawa: hatsarin mota da ake zargin jini na zuba a ciki, ciwon ƙirji da ake tsoron babbar jijiya ta tsage, gudan jini a huhu, bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki da ake son buɗe jijiyar. A nan ba a jiran sakamakon gwaji, a ɗebi jinin a aika, a yi hoton da allura nan take, a kula da ƙodar daga baya.

Shi kuwa Baban da na fara da shi, na makon jiya, na ce wa babban ɗan, "Alhaji, ku ba ni awa uku." Aka kai jini, lamba ta fito 52. Aka ciro ƙullin diclofenac daga aljihun jamfarsa aka miƙa wa 'yar ta ajiye, aka ba shi ruwa roba biyu, aka yi hoton bayan la'asar da Omnipaque mililita 80. Na rubuta musu a bayan takardar su dawo ranar Alhamis a sake gwajin, saboda autan ya samu ya yi barci.